Yadda Ake Bin Diddigin Sunayen Garuruwan Bakin Kogi a Sikotland

Duk wanda ya buɗe taswirar Sikotland ya bi kogi ɗaya da ido, daga tsaunin da ya ɓuɓɓugo har inda ya faɗa teku, zai ci karo da sunayen da ba su fito daga harshe ɗaya ba. Ƙasar ta ga al'ummomi iri-iri, kuma kowace ta bar sawunta a bakin ruwa. Akwai mutanen Pict na gabas da arewa, da danginsu Biritoniyawan kudu waɗanda harshensu ɗan'uwan na Wales ne, da masu harshen Gelik da suka yi ƙarfi daga yamma suka mamaye yawancin ƙasar tun daga ƙarni na 9, da Ingilishi na dā da ya shigo kudu maso gabas a ƙarni na 7 ya haifi harshen Sikots, sai kuma 'yan Viking da suka zo ta teku daga Nowe. Aikin mai bincike shi ne ya gane wanne daga cikin waɗannan ya raɗa suna, da kuma abin da yake nufi a lokacin da ya raɗa shi.

A fara da kogin, a bar garin tukuna

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki sunan gari a fara yanka shi gunduwa-gunduwa tun ba a san ruwan da ke gefensa ba. A mafi yawan lokuta kogi ya girmi gari nesa ba kusa ba, kuma garin aron sunan kogin ya yi. Saboda haka abu na farko shi ne a rubuta sunan kowane ruwa da ke kusa da wurin, har da ƙaramar ƙorama da ba a damu da ita ba, domin sau da yawa ita ce ta ba garin suna ba babban kogin ba. Aberlour yana bakin Spey, amma sunansa daga rafin Lour ne da ke shiga Spey a wurin. Haka Innerleithen yana gefen Tweed, amma Leithen ya ambata.

Manyan koguna suna da shaidar da ta kai kusan shekara 2,000. Marubucin Rumawa Tacitus, a tarihin surukinsa Agricola da ya rubuta a shekara ta 98, ya kira Clyde da sunan Clota, wanda masana suke fassarawa da mai wankewa. Masanin taswira Ptolemy, wajen shekara ta 150, ya kawo Deva wanda shi ne Dee, da Loxa wanda shi ne Lossie, da Nabarus wanda shi ne Naver, da Novius wanda ake dangantawa da Nith. Ma'anar Deva ita ce abar bauta mace, kuma Don ma daga wannan tushe ya fito, abin da ke nuna cewa mutanen wancan zamani suna ɗaukar wasu koguna da tsarki. Adomnán, shugaban 'yan zuhudun tsibirin Iona da ya rubuta tarihin waliyyi Columba wajen shekara ta 700, ya fassara sunan wani kogi mai suna Lochy zuwa Latin da kalmomin da ke nufin baƙar abar bauta, wato har zuwa zamaninsa ana jin wannan ma'ana a cikin sunan.

Wasu sunayen ba su da wata ma'ana mai zurfi, kuma bai kamata a tilasta musu ita ba. Avon kogi kawai yake nufi, Esk kuma ruwa, shi ya sa ake samun su a wurare da dama. Akwai kuma rukuni na uku, irin su Ayr da Farrar da Naver, waɗanda masani W. F. H. Nicolaisen ya ga alamar sun girmi harsunan Selt gaba ɗaya, wato dangin harsunan da suka haɗa da na Pict da na Biritoniyawa da Gelik. Wannan ra'ayi yana da masu suka, don haka idan bincike ya kai ga irin wannan suna, ya isa a ce tsoho ne ƙwarai a tsaya nan.

A kuma lura cewa kogi ɗaya yana iya sauya suna a hanya. Ruwan da ake kira Tay ya fara ne da sunan Cononish, ya zama Fillan, ya zama Dochart, sai bayan ya ratsa tafkin Tay ya fito da sunan da duniya ta san shi da shi. Wanda bai san wannan ba zai rasa dalilin da ya sa kwarin da ke can sama ake ce masa Strathfillan, alhali a tunaninsa yana bakin Tay ne.

Kalmomi uku na mahaɗar ruwa

A nan ne ya kamata a daɗe, domin babu abin da yake saurin bayyana harshen da ya raɗa suna kamar kalmar da aka yi amfani da ita wajen nuna inda rafi ya shiga kogi ko inda kogi ya faɗa teku. Mutanen Pict da Biritoniyawa suna cewa aber, masu Gelik suna cewa inbhir wanda aka rubuta Inver ko Inner, masu Ingilishi da Sikots kuma suna liƙa mouth ko foot a ƙarshen suna. Ma'anar kusan ɗaya ce, amma kowace tana nuna zamani dabam da al'umma dabam.

Sunayen da ke farawa da Aber sun fi yawa a gabas, arewa da kogin Forth, wato a tsohuwar ƙasar Pict, kamar Abernethy da Aberfeldy da Aberdour. Ana samun 'yan kaɗan a wajen wannan yanki, kamar Abercorn a kudancin Forth, wanda malamin tarihi Bede ya ambata a shekara ta 731, da Applecross a can yamma, wanda asalinsa Apor Crosan ne, inda waliyyi Máel Ruba ya kafa gidan ibada a 673. Wannan na ƙarshe darasi ne babba, domin mai jin Ingilishi zai ga tuffa da gicciye a cikin sunan, alhali babu ko ɗaya, mahaɗar rafin Crosan ce kawai. Arbroath ma ya ɓoye kansa: tsohon sunansa Aberbrothock ne, daga rafin Brothock, kuma a nan ne manyan ƙasar suka rubuta wa Fafaroma shahararriyar wasiƙar 'yanci a 1320.

Aberdeen ya cancanci a duba shi da kyau. Birnin yana tsakanin koguna biyu, Dee da Don, kuma tashar jiragen ruwansa tana bakin Dee, don haka ido yana saurin yanke cewa sunan na Dee ne. Tsofaffin takardu na ƙarni na 12 suna da siffar Aberdon, tsohon garin da ke da babbar majami'a yana kusa da Don, kuma masu Gelik suna kiran birnin Obar Dheathain, alhali Deathan shi ne Don a bakinsu. Shaidu uku ke nan da suka haɗu a kan Don, kuma irin wannan haɗuwar shaidu ake nema kafin a yanke hukunci.

Inver ya fi Aber yawa da yaɗuwa, domin Gelik ya kai kusan ko'ina: Inverness a bakin Ness, Inveraray a bakin Aray, Inverurie inda Urie ya haɗu da Don. Sai dai ganin Inver ba ya nufin masu Gelik ne suka kafa wurin, domin akwai inda suka tarar da Aber suka musanya shi da tasu kalmar suka bar sunan kogin yadda yake. An rubuta Inverbervie da siffar Haberberui a ƙarshen ƙarni na 13. Akwai kuma garuruwan da Inver ya faɗi daga sunansu na Ingilishi amma ya rage a na Gelik, kamar Nairn wanda har yanzu Inbhir Narann ne, da Ayr wanda yake Inbhir Àir. Saboda haka a riƙa neman sunan Gelik na kowane wuri ko da allon hanya bai nuna shi ba. Hukumar Ainmean-Àite na h-Alba ce take tantance waɗannan siffofi.

Game da mouth, a yi hattara da shekaru. Eyemouth tsoho ne, a yankin da Ingilishi ya daɗe, amma Grangemouth ya taso ne daga 1768 lokacin da aka fara haƙa magudanar jiragen ruwa tsakanin Forth da Clyde. Garmouth kuma, duk da yana kusa da inda Spey ya faɗa teku, ba shi da alaƙa da wannan kalma, daga Gelik ya fito da ma'anar gajeren fili. Kama da wane ba ta wane.

A nemi siffa mafi tsufa

Rubutun yau shi ne shaida mafi rauni, domin ya bi ta hannun magatakarda da masu ɗab'i da masu safiyo waɗanda da yawansu ba sa jin harshen mutanen wurin. Hanyar da ta dace ita ce a yi ta komawa baya mataki-mataki, ana rubuta kowace siffa tare da shekararta da takardar da aka same ta, har a kai inda shaida ta ƙare.

Mataki mafi kusa shi ne taswirorin hukumar safiyo ta Ordnance Survey, wadda ta auna Sikotland a karon farko tsakanin 1843 da 1882. Ma'aikatanta sun ajiye littattafan sunaye inda suka rubuta siffofi dabam-dabam na kowane suna da mutanen da suka ba su shi, yawanci limamin coci ko malamin makaranta ko mai gona. Kafin su akwai safiyon soja na William Roy, daga 1747 zuwa 1755, wanda aka yi bayan tawayen 1745. Kafin wannan kuma akwai zanen hannu na Timothy Pont daga ƙarshen ƙarni na 16, wanda Joan Blaeu ya buga a Amsterdam a 1654. Idan an sami zanen Pont na asali, a fifita shi a kan bugun, domin masu sassaƙa faranti a Holan ba su san wuraren ba, kuma sukan karanta harafi ɗaya a matsayin wani. Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Edinburgh ya sa waɗannan taswirori a intanet kyauta. Daga nan sai takardun kyautar ƙasa na sarakuna da kundayen gidajen 'yan zuhudu, waɗanda suka yawaita daga ƙarni na 12, galibi da Latin.

Akwai wata majiya da ke jan hankali amma take buƙatar taka-tsantsan, wato bayanin gundumomi da Sir John Sinclair ya tattara daga limaman coci tsakanin 1791 da 1799. Abin da suka faɗa game da yadda ake furta suna a zamaninsu da yadda ƙasar take yana da amfani sosai. Fassararsu ta asalin suna kuwa, a ganina, a karanta ta a ajiye gefe, domin yawanci hasashe ne na mutumin da ya ga kalma ta yi kama da wata. Wanda yake son ra'ayin masana ya fara da aikin W. J. Watson na 1926 a kan sunayen Selt, da na Nicolaisen na 1976, sannan ya duba ko yankinsa ya sami cikakken bincike irin wanda Simon Taylor da Gilbert Márkus suka yi wa yankin Fife.

Amfanin wannan wahala yana fitowa fili a koguna biyu na arewa maso gabas, Findhorn da Deveron. A rubutun yau babu abin da ya haɗa su, kuma na farkon ya yi kama da kalmomin Ingilishi. A Gelik kuwa tagwaye ne, Fionn Èireann da Dubh Èireann, wato farin Èireann da baƙin Èireann, kuma wannan tsohon suna ya sake bayyana a Strathdearn, kwarin da Findhorn ya ratsa a can sama. Irin wannan tagwaitaka tana nan a kudu a Whiteadder da Blackadder, inda kashi na biyu tsohon sunan kogi ne, ba macijin da Ingilishi ke kira da wannan lafazi ba.

Kunne da tsarin kalma

Bayan takarda sai kunne. Mutanen wuri sukan riƙe furucin da ya girmi rubutu, musamman gaɓar da ake dannawa. A sunayen Gelik da na Pict da na Biritoniyawa, kalmar da ke nuna irin wurin ce take zuwa farko, mai bayyana ta kuma ta biyo baya ta ɗauki nauyin murya, shi ya sa ake danna ƙarshen Inverness da Aberdeen da Dalkeith. A sunayen Ingilishi da Sikots da na 'yan Viking abin juye yake, ana danna farko, kamar a Langholm da Eyemouth. Idan tsari da kalma suka saɓa, to an sami wurin da harsuna biyu suka gauraya. Kirkcudbright, a bakin ɗayan kogin Dee da ke kudu maso yamma, yana da kalmar kirk ta coci wadda ba ta Gelik ba ce, amma an jera ta gaban sunan waliyyi Cuthbert bisa tsarin Gelik.

Harafin z a tsakiyar suna ma tarko ne. Tsohon rubutun Sikots yana da wani harafi mai sauti kusa da y, kuma da masu ɗab'i suka rasa shi a cikin kayan aikinsu sai suka sa z a madadinsa. Shi ya sa Dalziel, da ke kusa da Clyde a Motherwell, ake furta shi kamar Diyel.

Sauran kalmomin da ake yawan gani ba su da wuyar haddacewa. Strath kwari ne mai faɗi, Glen kwari ne matsattse, Dal fadama ce a gefen ruwa, Kin kai ne ko ƙarshe kamar a Kinlochleven, Bun gindin kogi ne kamar a Bonawe, allt rafi ne, drochaid gada ce kamar a Drumnadrochit. A Sikots, haugh da holm fadama ne, burn kuma ƙorama, kamar a Bannockburn inda aka gwabza yaƙin 1314 tsakanin Sikotland da Ingila. A arewa mai nisa, inda 'yan Viking suka zauna har ake kiran wani yankinsa Sutherland, wato ƙasar kudu a wurin wanda ya taso daga tsibiran Orkney, ƙarshen suna da a ko o yakan zama kalmarsu ta kogi: Brora kogin gada ne, Thurso kogin bijimi, Laxford kuma, mai wani ƙarshe dabam, mashigin teku ne mai kifin salmon. Dingwall ya riƙe sunaye biyu da ba su san juna ba, na Viking mai nufin filin majalisa, da na Gelik, Inbhir Pheofharain, wanda ya ambaci rafin Peffery da sunansa ya fito daga kalmar Pict mai nufin haske.

A je wurin a gani

Fassarar da ba ta dace da ƙasa ba abar zargi ce. Comrie yana nufin mahaɗa, kuma wanda ya tsaya a garin zai ga Ruchill da Lednock suna shiga Earn. Dalkeith fadamar kurmi ce, kuma tana tsakanin Esk na arewa da Esk na kudu. Dumbarton, ganuwar Biritoniyawa a bakin masu Gelik, dutse ne tsaye inda Leven ya shiga Clyde, wanda mazaunansa suka kira Alt Clut, dutsen Clyde, har 'yan Viking suka yi masa ƙawanya a 870.

Idan ƙasa ba ta dace ba, kafin a yar da fassarar a tambaya ko sunan ne ya yi ƙaura. Melrose yana nufin tsandaurin ƙasa da ta miƙa cikin ruwa, amma garin yau ba haka yake ba. Asalin wurin yana gabas da shi da kimanin kilomita 4, inda Tweed ya yi lanƙwasa ya kusa kewaye wani tudu, kuma a nan ne gidan ibadar ƙarni na 7 yake. Da Sarki David na I ya kafa sabon gidan 'yan zuhudu a 1136, sai sunan ya bi su. A tambaya kuma ko ruwan ne ya sauya, domin ambaliyar Agusta ta 1829 ta yi wa gaɓar Findhorn da Spey ɓarna mai yawa, kuma tafkin Faskally da ke Pitlochry bai wanzu ba sai da aka datse Tummel don samar da lantarki wajen 1950. Sababbin garuruwa suna da nasu lissafin: Sir James Grant ne ya kafa Grantown a bakin Spey a 1765, kuma Fort William ya ɗauki sunan Sarki William a 1690 a kusa da tsohon Inverlochy.

Kogin Beauly, yamma da Inverness, ya tara duk waɗannan matakai a wuri ɗaya, kuma ya dace da gwajin farko. Labarin da ake ba baƙi shi ne Sarauniya Mary ta Sikotland ce ta ziyarci wurin a 1564 ta yabe shi da Faransanci ta ce kyakkyawan wuri. Kalmomin Faransanci ne ba shakka, amma takardu sun nuna sun girme ta da fiye da shekara 300, domin 'yan zuhudu na wata ɗarika daga yankin Burgundy ne suka kafa gidan ibada a nan wajen 1230 da wannan suna. Masu Gelik ba su karɓe shi ba, suna kiran garin A' Mhanachainn, gidan 'yan zuhudu, kogin kuma Abhainn nam Manach. A nan gari ne ya ba kogi suna, saɓanin yadda aka saba, don haka dole a tambayi abin da ake kiran ruwan kafin 1230. Ptolemy ya kira mashigin tekun da kogin yake faɗawa Varar, kuma idan aka bi ruwan sama har Struy za a tarar Beauly ya samu ne daga haɗuwar Glass da Farrar, wanda sunansa shi ne Varar ɗin. Tsohon sunan, wanda a dā ya kai har teku, an tura shi can cikin duwatsu. Kwarin da ya rage masa ana rubuta shi Glen Strathfarrar a taswira, da kalmar kwari har sau biyu a gaban sunan. A takardar bincike za a jera Varar na wajen 150, da sunan Faransanci na wajen 1230, da siffofin Gelik biyu, da na taswirar yau, kowanne da majiyarsa a gefe, sannan a sa labarin sarauniya a ƙasa a matsayin abin da ake faɗa.